Wata biyu ina zagaye fili, sikeli ya ƙi motsi

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema, abin ya fara ƙona mini rai. Shekarata 36, tsawona santimita 163, nauyina kilo 88. Tun da na yaye autana ƙibar ta zauna daram, gwiwa tana ƙara in na taso daga sujada, likita kuma ya ce sugana yana bakin iyaka, gara in rage tun da wuri. To tun bayan babbar sallah nake fita Murtala Square a nan Kaduna da sassafe, ni da maƙwabciyata, muna zagaye na minti 45, kwana biyar a mako. Yau wata biyu cif. Na hau sikeli, kilo 87 da ɗigo 2. Duk wannan zufar ko kilo ɗaya bai cika ba. Agogon hannuna mai ƙirga kalori, wato ma'aunin ƙarfin da jiki ke samu daga abinci, kullum sai ya nuna na ƙona 450 ko fiye. Abinci wallahi ni ba mai ci ba ce, na rana ma sau da yawa ba na ci. In ƙara tafiyar ne, ko in daina cin na dare?

Koci Bash: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai matsalar a fili take. Muddin kina iya hira da maƙwabciyarki kuna zagayen, yawo kuke yi. Sai numfashi ya ɗaga, zufa ta jiƙe riga, sannan ake maganar ƙona kitse. Ni a nan Kano mutanena awa ɗaya da rabi muke yi, gudu da ɗaga ƙarfe, ranar Asabar mu hau Dutsen Dala mu sauko sau uku. Kuma ina cin garau-garau da mai da yaji yadda nake so, tumbi bai taɓa fito mini ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ki nemi jim na mata ki shiga, ki bar maganar ƙirga abinci, wahalar banza ce.

Ummu Salma: Koci shekararka nawa tukuna? Haihuwa nawa ka yi?

Koci Bash: 27, Anti. Haihuwa kuwa sai dai ki yi mini addu'ar samun matar.

Ummu Salma: To shi ya sa.

Anti Bilki: Maman Haidar sannu da ƙoƙari. Aikina ke nan a asibiti, tsara wa masu suga da hawan jini abinci, kuma maganarki kusan kullum sai na ji irinta. Kafin kowa ya yanke hukunci, ki rubuto mana duk abin da ya wuce ta maƙogwaronki jiya, daga asuba zuwa kwanciya. Har ɗanɗanon miya da ragowar yara, kar ki ji kunya, duk mu nan masu laifin ne.

Maman Haidar: To Anti. Da na dawo daga fili na soya ƙwai biyu, na ci da burodi yanka huɗu, da shayi da madara, sukari cokali uku. Da rana ban ci abinci ba, gyaɗa kawai na ɗan taɓa a shago, kamar rabin gwangwanin madara, sai lemon kwalba ɗaya mai sanyi saboda zafi. Da la'asar Haidar ya rage indomie na ƙarasa don kar a zubar. Da dare tuwon shinkafa malmala biyu da miyar taushe. Shi ke nan.

Anti Bilki: Madalla. Bari mu fara da tafiyar, don a nan akwai albishir, ko da yake ba irin wanda kike so ba. Mace mai kilo 88 da ta yi tafiyar minti 45 da ɗan sauri, abin da take ƙonawa yana wajen kalori 230. A cikin wannan 230 ɗin, wajen 65 ko kina zaune a gida za ki ƙone su, don zuciya da huhu da ƙwaƙwalwa ba sa hutu. Ribar fitar ke nan wajen 165. Sau biyar a mako, 825. Mako takwas, 6,600. Kilo ɗaya na kitsen jiki kuma ana ƙiyasta shi da kalori 7,700. Ki raba ki gani. Kusan giram 850 ya kamata ki rage, kin rage 800. Sikelinki gaskiya ya faɗa, tafiyar ta biya ki daidai abin da ke aljihunta. Agogon ne ya yi miki romon baka.

Abincin kuma, karin kumallonki kaɗai ya kai 800. Burodi yanka huɗu irin yankanmu mai kauri wajen 300, ƙwai biyu 150, man da aka soya su in babban cokali biyu ne 240, shayin da madara da sukari sama da 100. Gyaɗar da kika "ɗan taɓa" ta kusa 300, don giram 100 na gyaɗa ya doshi kalori 570. Lemon kwalba mai rabin lita wajen 200 ne, da sukari kusan giram 50 a ciki. Ragowar indomie mu ce 150. Tuwo da miya ƙiyasi zan yi tunda ban ga girman malmalar ba, mu ce 800 zuwa 900. Jimilla kin haura 2,200. Jikinki kuwa, da shekarunki da tsawonki da nauyinki, a kwance kawai yana cin wajen 1,560, in aka haɗa da zirga-zirgar gida da shago wajen 2,200 ne. Kin ga abin da ke shiga da abin da ke fita sun yi kunnen doki.

Maman Haidar: Innalillahi. Anti ni fa a raina jiya kusan azumi na yi.

Abba Samaru: Maman Haidar ba ke kaɗai ba ce. A 1992 an yi wani bincike a birnin Niyok kan mutanen da suka dage cewa ba sa cin abin kirki amma ba sa ramewa. Da aka auna su da kayan aiki, sai aka ga abin da suke ci sun rage shi da kashi 47 cikin ɗari wajen ba da labari, motsin da suke yi kuma sun ƙara masa kashi 51. Ba ƙarya suke yi da gangan ba, ido ne ba mudu ba. Agogon ma an gwada shi. A 2017 Jami'ar Stanford ta gwada iri bakwai a hannun mutum 60. Wajen bugun zuciya yawancinsu sun yi daidai, amma wajen kalori wanda ya fi kowanne ƙoƙari ya kauce da kashi 27, mafi muni da kashi 93.

Koci Bash: Ɗan jami'a an fara kawo mana turawa. Ni dai gani ya kori ji. Na ga mutanen da suka zo wurina da tumbi kamar tulu, wata huɗu suka koma samari.

Anti Bilki: Ban musa ba ƙanena. Amma ka tambaye su, daga ranar da suka fara biyan kuɗin jim, su nawa ne suka ci gaba da shan lemo uku a rana? Mutum in ya fara motsa jiki da gaske yakan gyara bakinsa ko bai faɗa ba. Kuma kai awa ɗaya da rabi na gudu da ƙarfe kake yi, kana wuni a tsaye kana koyar da wasu, kana da shekara 27. Lissafinka daban, na uwar 'ya'ya huɗu mai zaman shago daban. Maganar hira kuma ban yarda da kai ba. Ma'aunin matsakaicin motsa jiki shi ne kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 a mako ta ce na irin wannan, ita kuwa tana yin 225. Ta cika sharaɗi.

Zee Kayan Gyara: Hajiya kar ki wahalar da kanki. Ina da shayin rage ƙiba da tumbi, kilo 10 cikin kwana 14, ba motsa jiki ba hana kai abinci. Akwai ɗamarar ciki ma. Ki yi mini magana ta gefe.

Malam Nura (mai kula da zaure): Zee, dokar zaure ta hana talla, wannan ne karo na biyu. Na uku sai waje.

Anti Bilki: Malam Nura kar ka goge, bari mu yi amfani da shi. Kilo 10 na kitse kalori 77,000 ne. Ko Maman Haidar ta daina cin komai ƙaf na kwana 14, abin da jikinta zai ƙona bai kai rabin haka ba. Da yawa daga irin wannan shayin ganyen filasko ne ko danginsa, gudawa yake sa mutum, ruwa ya fita, sikeli ya sauka kwana biyu ya dawo. Wasu kuma an sha kama su da wani magani mai suna sibutramin a ɓoye a ciki, wanda aka janye daga kasuwa tun 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Ɗamara kuwa matse ciki kawai take yi, in kin kwance ta yana nan inda kika bar shi.

Hadiza Maraɗi: Ni akwai abin da ban gane ba. Innata a ƙauye tana shan fura kwano guda da hantsi, ta ci tuwon hatsi da dare har ta ƙoshi, ga ta nan siririya kamar kara. Daka, surfe, jan ruwa a rijiya, itace, gona. Ni da na zo birni na samu injin niƙa da famfo, shekara uku na zama biyunta. Wannan ba ya nuna maganar Koci ce gaskiya ba?

Koci Bash: Allah ya yi miki albarka Hajiya Hadiza. A ƙarshe dai an samu mai gaskiya.

Abba Samaru: Wannan tambayar ce ta kai wani masani, Herman Pontzer, wurin ƙabilar Hadza a arewacin Tanzaniya, mafarauta masu tonon saiwa da cirar zuma, masu wuni suna tafiya a daji. Ya auna kalorin da jikinsu ke ƙonawa a rana, yana zaton zai ninka na ma'aikacin ofis. Sakamakon da ya fitar a 2012 ya ba kowa mamaki: in aka yi la'akari da girman jiki, kusan ɗaya suke da mutanen Amurka da Turai. Fassararsa ita ce jiki yana da wayo, in ka ƙara kashewa ta wajen motsi sai ya tsuke ta wani wajen. Masana suna ta ja-in-ja kan yawan abin da jikin ke tsukewa, amma sun yarda yana yi. Rashin ƙibar Hadza ya fi alaƙa da abin da suke ci.

Hadiza Maraɗi: To Innata fa?

Anti Bilki: Hadiza ki tuna tukunyar Inna da kyau. Mai nawa take zubawa a miyar kuka? Sau nawa ake suya a gidan a wata? Furarta da sukari take damawa ko haka nan? Tsakanin fura da tuwon dare me take taunawa? Lemo fa, in ba suna ko biki ba? Aikin da take yi yana da nasa rabon, ba na raina shi, wanda ya wuni yana daka ba daidai yake da mai tafiyar minti 45 ba. Amma da kika zo birni ba turmi kaɗai kika bari ba, kin samu galan ɗin mai da firji da mai shayi a bakin layi.

Hadiza Maraɗi: Mai kam sai ranar kasuwa take sayen ɗan kwalba, ya kai ta mako. Na gane.

Alhaji Garba Mai Ritaya: Assalamu alaikum. Ni tsoho ne a cikinku, shekara 63, bari in faɗi nawa. Na bar aiki da kilo 104 da hawan jini. Gwiwata ba ta gudu, hawan Dala kuwa sai dai in kalle shi daga mota. Abu uku na yi. Na bar lemo da maltina gaba ɗaya, da ina shan biyu zuwa uku a rana. Na ce wa Hajiya a riƙa zuba mini nawa a ƙaramin faranti, in ya ƙare ya ƙare. Sannan na bar masallacin ƙofar gida sai asuba da isha, sauran salloli ukun ina takawa zuwa wani da ke da nisan minti goma sha biyu. Shekara ɗaya da rabi na sauko 89. Ba wani sabon ilimi ba ne, hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki uku, kaso ɗaya abinci, ɗaya abin sha, ɗaya numfashi, tun muna makarantar allo muke jin sa, aiki da shi ne ya gagare mu.

Maman Haidar: Allah ya ƙara lafiya Baba. To ni da nake tunanin daina cin na dare fa? Ko in riƙa azumin Litinin da Alhamis?

Alhaji Garba Mai Ritaya: Azumi ki yi shi don Allah, 'yata, lada na nan. Amma in don rama ne, ki duba watan Ramadan. Mutum nawa kika sani da ke fitowa daga azumi sun fi yadda suka shiga? Kunun gyaɗa da sukari, ƙosai, soyayyen dankali da doya da ƙwai, zoɓo, sannan a zo a ci abinci bayan tarawihi. Abin da aka hana ciki da rana ana biyan sa da riba da dare.

Abba Samaru: Akwai gwajin da aka yi a ƙasar Sin aka wallafa a 2022, mutum 139, shekara guda. Duka an rage musu kalori iri ɗaya, amma rabi an ce su ci cikin awa takwas kawai, rabi su ci lokacin da suka ga dama. Bambancin ramar bai taka kara ya karya ba.

Anti Bilki: Kuma ke Maman Haidar tsallake abincin rana ne ma ya jefa ki hannun gyaɗa da lemo. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Gyaɗa da lemo da ragowar indomie 650 ne, alhali faranti na dafaffen wake da zogale bai kai haka ba, kuma zai riƙe ki har magariba. Ban ce ki daina cin na dare ba. Abin da nake so ki nema shi ne giɓin kalori 400 zuwa 500 a rana, ki riƙa cin wajen 1,700 zuwa 1,800. Kin riga kin samu sama da 100 daga tafiya in aka baje ta a kwana bakwai. Sauran kuma ga su a zube: lemo ya tafi, 200. Ƙwai a dafa maimakon suya, ko a shafa mai kaɗan a kasko, kusan 200. Malmala ɗaya da rabi maimakon biyu, a cika gurbin da ganye. Ba ki ji yunwa ba, kin riga kin wuce 400. Masu shan maganin suga ko allurar insulin da ke karanta wannan, ku kam kar ku rage abinci ko ku tsallake shi sai kun yi magana da likitanku, sugan na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Ummu Salma: Anti wannan lissafin na masu cin abinci a faranti ne. Mu gidanmu tire ɗaya ake zubawa, ni da kishiyata da yara mata. Ta yaya zan san nawa na ci? In na ware nawa kuma a ce na fara ƙyamar mutane.

Anti Bilki: Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce wuya, kuma takardun turawa ba su san da ita ba. Abin da na ga yana yi wa mata aiki shi ne su ɗora wa likita laifin. "Likita ya ce in riƙa auna nawa." Ba mai jayayya da wannan. In ba zai yiwu ba, ki shata iyakarki a tiren da cokali tun kafin a fara, ki ci a hankali, ki riga kowa tsame hannu. Amma babban wurin yana can baya, a tukunya. Ranar girkinki ke ce mai ludayin mai. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na shinkafa ko masara ko nama marar kitse abin da ke ba da ƙarfi a ciki 4 ne. Man gyaɗa, man ja, man shanu, har man zaitun mai tsadar nan, duk babban cokali wajen 120 ne. Mu kuwa ba ma auna mai, tuntsura galan muke yi sai miya ta yi ƙyalli.

Maman Haidar: Bari in tona wa kaina asiri. Galan mai lita biyar mako uku yake yi mana, mu shida, ni da Baban Haidar da yara huɗu.

Abba Samaru: Lita ɗaya ta mai ta haura kalori 8,000. Lita biyar 41,000 ke nan, a kwana 21 kusan 1,950 kullum. In aka raba shida kowa ya tashi da 325, kuma autanki ba ya cin rabon babba, don haka naki ya fi haka. Ko an cire wanda ke saura a kaskon suya, man gidanku kaɗai ya ninka ribar zagayen Murtala Square.

Maman Haidar: Abba ka bari haka, na ji.

Koci Bash: To shi ke nan, mu rufe jim mu koma sayar da cokalin awo. Tunda motsa jiki ba shi da amfani.

Anti Bilki: Haba Koci, fushi ka yi? Yanzu zan zo gonarka, kuma a nan kai ne mai gaskiya. Wanda ya rage abinci kawai yana zaune, ba kitse kaɗai yake zubarwa ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya sauka yakan zama tsoka da danginta. Shi ya sa za ka ga mace ta rame amma ta yi yaushi, hawa bene yana ba ta wuya. Abin da ke riƙe tsoka shi ne a sa ta aiki a kuma ba ta abinci mai gina jiki: wake, ƙwai, kifi, nono marar sukari, awara in ba a tsoma ta a mai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma bayan mintocin tafiya ta ce a yi aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako, wannan kuwa Maman Haidar ba ta yi ko kaɗan. Sannan sugan da likita ya tsorata ta da shi, tsoka mai motsi ce ke zuƙe shi daga jini, ko sikeli bai motsa ba. A babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka fitar a 2002, masu suga a bakin iyaka da aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da neman rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, kamuwa da ciwon ta ragu da kashi 58. Kashi 7 na kilo 88 kilo shida ne kacal.

Koci Bash: Yauwa, yanzu kika yi magana. Kuma tsoka tana ƙona kalori ko kana barci.

Abba Samaru: Tana ƙonawa, amma ba kamar yadda ake zuzutawa a jim ba. Kilo ɗaya na tsoka a hutu wajen kalori 13 ne a rana, na kitse wajen 4 da rabi. In ka ƙara kilo biyu na tsoka, wanda aikin watanni ne, ka samu kuɗin dabino ɗaya. Inda motsa jiki ya fi nuna kansa shi ne bayan an rame. A Amurka akwai rajistar da Rena Wing da James Hill suka buɗe a 1994 ta mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi kuma suka riƙe shekara guda bai dawo ba. Kusan tara cikin goma suna motsa jiki wajen awa ɗaya kullum. Dalilin shi ne jikin da ya ragu yana cin kalori ƙasa da da, yunwa kuma tana ƙaruwa. Kevin Hall ya bi mutum 14 da suka yi wata gasar rage ƙiba ta talabijin, inda aka yi musu horon yunwa da motsa jiki na fitar hankali. Bayan shekara shida yawancinsu nauyin ya dawo, jikinsu kuma yana ƙona wajen kalori 500 ƙasa da abin da ake tsammani ga mai girmansu.

Anti Bilki: Shi ya sa lissafin 7,700 da na yi a sama na farkon tafiya ne. Wata na farko zuwa na uku zai yi kusa da daidai, daga nan saukar za ta riƙa ja da baya, sai an sake lissafi da sabon nauyi. Kar wata ta ce Anti Bilki ta yi alkawarin rabin kilo duk mako har abada.

Koci Bash: To Hajiya Maman Haidar, tunda an ba ni fili. Ba sai kin je jim ba. Kwana biyu a mako, a tsakar gida: ki zauna kan kujera ki tashi ba tare da dafa gwiwa ba sau 12, ki jingina hannu a bango ki tura sau 12, ki ɗauki jarka mai lita biyar a kowane hannu ki je ƙofa ki dawo, ki hau dakali ki sauko. Zagaye uku. In gwiwa ta yi zafi mai suka ki tsaya, ki rage zurfin zaman. Kuma don Allah mata ku daina ɗaura leda a ciki ko sa rigar roba kuna tafiya a zafin nan, ruwa ne kawai ke fita, na ga wadda ta yanke jiki ta faɗi. Atisayen ciki ma ba ya cire tumbi shi kaɗai, kitse ba ya barin wuri don an matsa masa, daga ko'ina yake raguwa.

Ummu Salma: Yau Koci ya yi magana kamar mai 'ya'ya huɗu.

Hadiza Maraɗi: Ni matsalata ma ba abincin ba ne, mutane ne. Na rage kilo biyar bara, uwar mijina ta kira ɗanta gefe tana tambaya ko ba ya ba ni abinci, wata kuma ta ce in je a auna jinina. A unguwarmu 'yan mata sha-ka-fashe suke saya don su yi jiki kafin biki, ni kuma ina neman hanyar zubarwa.

Anti Bilki: Sha-ka-fashen nan yawanci maganin kumburi ne mai ƙarfi ko na ƙaiƙayi mai buɗe ciki, na farkon yana kumbura fuska, ya ɗaga suga da jini, ya cinye ƙashi. Wannan zance ne na wata rana. Amma ya tuna mini: Maman Haidar, in kina allurar tsarin iyali ta wata uku, ko wani magani na kullum, ko al'adarki tana rikicewa, ko kina yawan jin sanyi da kasala, ki gaya wa likitanki ya duba. Wasu magunguna da matsalar maƙoƙo suna sa nauyi ya yi taurin kai. Barci kuma awa nawa kike yi?

Maman Haidar: Ba na shan komai Anti. Barci kuwa sha biyu nake kwanciya, in tashi huɗu da rabi.

Anti Bilki: Awa huɗu da rabi. Ga wani ɓarawon. Ƙarancin barci yana tayar da sinadarin yunwa, kuma abin zaƙi da maiƙo yake sa mutum sha'awa. Ki ajiye wayar nan ƙarfe goma.

Maman Haidar: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto, yau mako uku da maganarmu. Lemo sau biyu na sha, duka a gidan biki. Na sayi cokalin awo, miyar gidan gaba ɗaya cokali huɗu nake sawa, Baban Haidar ya yi ƙorafi kwana biyu ya manta, galan kuma ga shi ko rabi bai yi ba. Da rana ina tafiya shago da wake ko kwaɗon zogale. Tafiya tana nan, na Koci kuma sau ɗaya nake samu a mako, ba zan yi ƙarya ba. Barci har yanzu sha ɗaya. Sikeli 85 da ɗigo 4.

Koci Bash: Kilo ɗaya da giram 800 a mako uku. Jarkar ce ta yi aiki.

Anti Bilki: Barka 'yar'uwa. Wani ɓangare na wannan ruwa ne, don in an rage sitaci da sukari jiki yakan saki ruwan da ya riƙe, saboda haka in mako mai zuwa kika ga 300 ko 400 kawai kar hankalinki ya tashi, kuma kwanakin al'ada zai iya hawa ma. Kwaɗon nan a kula da ƙuli-ƙuli da man da ake yaryaɗawa. Ki samo tef na tela ki fara auna ƙugu duk mako biyu, abin nema shi ne ya koma ƙasa da rabin tsawonki, wato ƙasa da santimita 81 da rabi.

Maman Haidar: A kan cibiya zan ɗora tef ɗin ko sama da ita? Na gwada wurare biyu, bambancin ya kai santimita shida.

Anti Bilki: Ki laluba haƙarƙarinki na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ki sa tef a tsakiyarsu, da safe kafin ki ci komai, bayan kin saki numfashi. Ban da shanye ciki.